Ranar da Bindigata Ta Ƙi Tashi

Zakara bai yi cara ta biyu ba muka bar Unguwar Marke, ni da Kawu Bagudu, yayan mahaifiyata, wanda shi ne Sarkin Bakan ƙasarmu, wato shugaban maharba, a wancan zamani. Sunana Tunau. A lokacin shekarata talatin da ɗaya, kuma sha biyar daga ciki a bayan Kawu na yi su cikin daji. Kowannenmu na rataye da bindigar toka da ƙahon albarushi, ga barandami a kafaɗa, ga wuƙa a ƙugu, ga gorar ruwa. Karnuka kuwa gida muka ɗaure su, don abin da za mu nema ba ya gudun kare.

Wani tsohon namijin ɓauna ne da garke ya kore shi. Ya addabi lambunan fadama tun farkon bazara, sannan ya tarar da wata mata tana yin itace ya karya mata haƙarƙari uku. Mata suka daina zuwa rafi. Dattawan gari suka zo zauren Kawu suka ce a raba su da shi.

Da alfijir ya keto muna bakin dajin Ruwan Baƙi. Kawu ya jingine bindiga a jikin tsamiya, ya tsiyayi ruwa kaɗan ya yi alwala, ya ta da salla. Ni kuwa na tsaya ina kallon daji.

Bazarar da ta wuce sanƙarau ya shigo garinmu. Ya ɗauki matata Hansai ran Talata, ya ɗauki 'yarmu Ladiyo ran Asabar. Tsakanin Talatar nan da Asabar babu irin roƙon da ban yi ba. Na yi da goshi a ƙasa, na yi a tsaye da yarinyar a kafaɗata tana sanƙarewa. Bayan an rufe ta sai na ji kamar na yi kwanaki ina ƙwala kira cikin rijiyar da ba kowa. A cikin gari ina bin sahu don idon mutane, baki na motsi, zuciya na wani wuri. Amma ranar nan ba mai ganina sai Kawu, kuma na gaji da yi masa ƙarya. Ya sallame, ya dube ni, ya dubi gorata da ko buɗe ta ban yi ba. Ya ɗauki bindigarsa muka shiga.

Hantsi ya ɗaga muka sami sawun a bakin wani tafki da ya kusa ƙafewa. Kofato ne mai faɗin tafin hannuna biyu, ya nutse cikin laka har ruwa ya taru a ciki. Kawu ya tsuguna ya sa yatsa. Gefen sawun bai bushe ba. Gaba kaɗan muka ga kashinsa, ƙudaje ba su gama taruwa a kai ba, ga kuma jikin wata ƙirya inda ya goga wuyansa ya bar laka da baƙin gashi daidai ƙirjina. Kawu ya ɗebi ƙasa mai laushi ya sake ta. Iska ta kwashe ta zuwa bayanmu. Ya gyaɗa kai, muka bi.

Muka ratsa gamba busasshiya wadda ta fi mu tsawo, muka hau wani tudu mai tsakuwa inda sawun ya ɓace, sai dai dutsen da aka juya ko ciyawar da aka take. Tsando na cizo ta cikin riga. Wasu birai suka hango mu daga kan dutse suka yi ta haushi, dole muka laɓe har suka gaji. Da rana ta take tsaka, zafi ya kai inda ko tsuntsu ba ya kuka, Kawu ya ce yanzu ɓaunan na kwance cikin sarƙaƙiya, shigar masa a haka ganganci ne. Muka zauna ƙarƙashin wata kanya, muka dama fura.

Ban yi niyyar magana ba, fitowa ta yi da kanta.

“Kawu, kun taɓa ganinSa?”

Bai tambaye ni wa nake nufi ba. Ya ce, “Ban taɓa ba.”

“Kun taɓa jin Ya amsa? Da kunnenku?”

“A'a.”

“To don me kuke ta duƙawa shekara sittin?”

Ya daɗe yana juya ludayi cikin ƙwarya. Sannan ya ce, “Tunau, 'ya'ya huɗu na kai kushewa da hannuna. Kana tsammanin ban taɓa tsayawa inda kake tsaye ba? Na tsaya, har na daɗe. Abin da na gano shi ne, wanda ya ce babu, shi ma bai leƙa ya gani ba. Ni da shi duk ba mu da shaida a hannu. Kuma ba a zama a tsakiya, don kowace safiya sai mutum ya tashi ya rayu ta ɗayan hanyoyin nan biyu. Sai na duba. Na dubi dajin nan yadda komai ke zaune a mazauninsa, na dubi yadda nake zama in na yarda, da yadda nake zama in na ƙi. Na ga da yarda na fi zama mutum. In na yi kuskure, ban ga abin da na rasa ba.”

Na ce, “Wannan ai ba sani ba ne. Zaɓi ne kawai.”

“Ban ce maka sani ba ne,” in ji shi. “Sha furarka.”

Da rana ta karkata muka tashi. Hadari ya fara haɗowa, irin na farkon shekara, iska ta soma juyawa ba ta da tsayayyar fuska. Wannan ya dami Kawu, na ga yana ta ɗiban ƙasa yana saki. Sawun ya gangara da mu wani kwari mai duhuwa. Can muka ji kukan carki, tsuntsayen nan masu cin kaska a bayan dabba, suka tashi fir daga cikin wata sarƙaƙiya. Muka daskare.

Da farko ban ga komai ba sai inuwa. Sai inuwar ta kaɗa kunne. Yana tsaye, baƙi wuluk, laka ta bushe a gadon bayansa, ƙahonin sun haɗe a goshi kamar an kifa masa turmi. Taku talatin ne tsakaninmu. Kawu ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya saita bayan kafaɗar ɓaunan. Daidai lokacin da ya ja kunama iska ta juya, ɓaunan ya shaƙi warinmu ya zabura. Bindiga ta yi ƙara, hayaƙi ya turnuƙe. Da ya washe babu ɓauna, sai rassa na rawa da jini a kan ganye, ja mai duhu, ba mai kumfa ba. Ba a sami huhu ba ke nan.

Kawu ya sake ɗura bindigarsa. Duk mun san halin ɓauna mai rauni. Ba gudu yake yi ba, zagayowa yake ya laɓe a gefen sawunsa ya jira mai binsa. Barinsa kuma ba zai yiwu ba, don gobe a kan matan rafi zai huce. Muka bi jinin a hankali, Kawu a gaba yana duban ƙasa, ni a baya ina duban gefe.

Duk da haka ban gan shi ba sai da ya fito. Gamba ta tsage ta hannun hagu, ƙasa ta girgiza. Kawu bai ko ɗaga bindiga ba ƙaho ya same shi a cinya, ya cilla shi sama kamar dami, ya faɗo cikin ƙaya. Ɓaunan ya juya zai take shi. Na kurma ihu, na jefe shi da gorata. Ya waigo, ya sunkuyar da kai, ya taho mini.

Na ɗaga bindiga na ja kunama. Ta ce ƙyas. Ba ta tashi ba.

Na juya na zura da gudu, bindigar na hannuna don ban ma tuna in yar ba. Ina jin hucinsa a bayana, ina jin kofatansa na cin ƙasa. Babu itacen hawa kusa. Sai na ji wata murya tana cewa, “Ya Allah! Ya Allah!” Sai daga baya na gane tawa ce.

Ƙasa ta yi laushi ƙarƙashin ƙafata, na yi tuntuɓe na kife. A bayana na ji rugum, da wata ƙara kamar an karya icce ɗanye. Na mirgina na duba. Tsohon ramin dabgi ne, dabbar nan mai haƙa ƙasa, ciyawa ta rufe bakinsa. Ni na bi ta kan rufinsa ya ɗauke ni, shi kuwa ya rufta da shi har ƙirji, ƙafar gaba ta karye. Yana ta haƙilon fitowa, yana watsa ƙasa da ƙaho, wuyansa a buɗe, taku uku daga inda nake. Na sake ɗana bindigar nan, ban ƙara mata ko ƙwayar albarushi ba, na ɗora bakinta bayan kunnensa na ja. Ta tashi.

Ya yi wani dogon nishi, ya kwantar da kai. Daji ya yi tsit.

Na tarar da Kawu da ransa. Ƙahon ya tsaga naman cinya amma bai taɓa babbar jijiya ba. Na yage rigata na ɗaure sama da raunin tamau, na cusa sauran tsumman a ciki, na goya shi. Na san akwai rugar Fulani a ƙetaren wata ƙorama, in na kai shi can za a sami bijimin sa a ɗora shi a kai zuwa gida. Na bar ɓaunan da bindigogin a nan, na kama hanya.

Mun yi nisa, ina jin numfashinsa a wuyana. Can ya ce, a hankali, “Na ji ka kira wani.”

“Baki ne ya kira, Kawu.”

“To.”

“Ramin dabgi ne. Dajin nan cike yake da su. Na fi shi rashin nauyi, shi ya sa bai rufta da ni ba. Bindiga kuma ta saba yin haka in albarushi ya sha iska.”

“Haka ne,” in ji shi. “Duk gaskiya ka faɗa.”

Amma ina tafe ina lissafin abin da shi ma ya sani. Da bindigar nan ta tashi da farko, a goshi zan same shi, inda ƙaho ya haɗe, inda harsashin bindigar toka ba ya ratsawa. Da na zubar da harbina ɗaya tilo a banza, kuma ko ya faɗa ramin, da sai ya fito ya same ni da sanda a hannu. Ƙin tashinta ne ya cece ni. Na tuna yadda na roƙa a bar mini Ladiyo aka ƙi, sai zuciyata ta so ta haɗa biyun, na hana ta. Ba ɗaya ba ne, kuma har yau ban sami amsar wancan ba.

Muka iso ƙoramar, hadari ya rufe sama ruf. Daga nan ina jiyo kukan shanu a ƙetare. Na sauke Kawu a kan yashi na ba shi ruwa da tafin hannu, na duƙa ina wanke jinin da ya bushe a hannuwana. A nan abin ya same ni. Ruwan na da sanyi. Yatsuna goma suna motsi. Tsohon da ya koya mini taka daji yana bayana yana numfashi, yana ma mitar ƙaya a gadon bayansa. Wani abu ya cika mini ƙirji, na rasa inda zan kai shi. Godiya ce, irin wadda ban taɓa ji ba. Na gwada miƙa ta ga ramin dabgi, na ga wauta. Na gwada miƙa ta ga sa'a, na ga sa'a ba ta da kunne. Na daɗe a tsugune hawaye na zuba cikin ƙorama. Ban san komai ba fiye da abin da na sani da safe. Ba wanda ya bayyana gare ni, ba muryar da na ji. Amma ga kaya a hannuna, kuma ƙofa ɗaya ce kawai na san ana kai irinsa.

Na kurkure baki, na wanke fuska, na shafi kai. Da na miƙe sai na rasa gabas. Babu rana, babu inuwa, kwarin nan kuma ya juya da mu sau ba adadi.

Na ce, “Kawu, ina alƙibla?”

Ya ɗago kai da ƙyar. Ya dubi sama, ya dubi yadda ruwan ƙorama ke gangara, ya dubi itatuwan ƙetare. Sannan ya nuna wajen wata doguwar giginya.

“Ban tabbata ba,” in ji shi. “Amma na fi zaton can ne.”

Na fuskanci giginyar, na ɗaga hannuwana, na yi kabbara.