Makullin Mota da Dashen Mangwaro

Rahina tana tsugune a gindin ɗan mangwaron da ke tsakar gidansu a Kaura Namoda, tana juye masa ruwan ɗaurayar kwanoni, sai ta ji muryar mahaifinta Alhaji Maiwada daga zaure. Ta san da wa yake: saurayinta Kamaluddeen ne ya zo hutu daga jami'a. Shi ya kawo mata dashen nan shekarar da ya samu admishan, ɗan tsito a cikin ledar fiyawata.

"Mi kac ce sunan karatun naka?"

"Gandun daji, Baba."

"Daji! Wane dajin? Wanda ko manomi bai iya shiga yanzu? Su 'yan bindigan za ka koya ma dashen icce?"

Alhaji ba mugu ba ne. Mai motocin haya ne, kuma duk abin da bai kawo kuɗin cefane kafin la'asar ba, a wurinsa wasan yara ne. Rahina ta ji ƙarar wani abu ya faɗi a kan tabarma.

"Ga makullin sabuwar motata. Aje takardun ga, ka kama layin Shinkahi da Zurmi, bayan Sallah in ɗaura muku aure. In ko daji kaka so, sai ka nemi wata. Ɗiyata ba ta cin ganye!"

Da yamma ta fito zance, ta tarar da Kamaluddeen yana juya makullin a hannu, idonsa ya yi ja.

"Wallahi Rahina na gaji. Likita nis so, anka ba ni wanga kwas. Siniyoyinmu da sunka gama, wani na acaɓa, wani na cajin waya a tasha. Ina zaune a lakca ina haddace sunayen itatuwa, ina tambayar kaina, wa zai ɗauke ni aiki? Saura shekara guda, amma digirin mi zai yi man?"

"Tambaya guda zan yi maka. Kana son karatun, ko ba ka so?"

Ya dubi makullin, sannan ya dube ta.

"Ina so. Shi ne abin haushin."

"To mai da ma Baba makullinshi."

"Rahina! Aurenmu hwa?"

"In ka bar karatu don ni, duk ranar da taya ta hwashe maka a hanya, ni za ka tuna. Ban son in zama matar da ake kallo ana cizon yatsa."

Ya mayar da makullin. Alhaji ya karɓa, ya ce kada ya sake ganin takalminsa a ƙofar gidan.

Daga ranar gida ya zame wa Rahina kurkuku. Mahaifiyarta Inna Kulsumu ba ta wuce ta ba tare da ta yar mata da magana ba.

"Kowa na neman aure da addu'a, ke kin kori naki da bakinki! Sai ki zauna ki auri iccen."

Ƙawayenta suka yi ta aure, tana yin anko tana raka su, ana kiranta matar mai daji ana dariya. Da Sallar layya ta matso, Alhaji ya rasa inda zai ɗaure ragonsa a duk faɗin gidan sai jikin mangwaron. Kafin ta dawo daga Islamiyya ragon ya ɓare masa ɓawo gefe guda. Ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa, ta shafe ciwon da laka, ta kewaye shi da ƙaya.

Kamaluddeen ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo. Aiki shiru. Ya yi ta yawo da satifiket har gefensa ya fara cinyewa. Wata rana ya dawo daga wani intabiyu da aka riga aka raba guraben tun kafin su zauna, ya kira ta a waya.

"Da kin bar ni na amshi makullin nan, da yanzu muna da ɗiya biyu! Ke kika ja muna wanga!"

Duk gorin Inna bai taɓa yi mata zafin wannan ba. Ta kashe wayar, ta yi kwanaki ba ta ɗaga kiransa. Shi kuwa kunya ta kore shi daga majalisa, ya koma bakin gulbi, ya roƙi wani lungu, ya fara tsintar ledoji yana cusa ƙasa yana renon dashe. Mutanen ƙauyukan wajen Sakajiki da tashin hankali ya koro suna ta gini a gefen gari, fili fetal babu inuwa. Suka fara sayen dashensa ɗaya-ɗaya. Makarantu suka biyo baya, daga bisani wata ƙungiyar dashen itatuwa ta ba shi kwangila.

Motar kuwa, wani direba aka ba. 'Yan bindiga suka tare shi a hanyar Zurmi, ya tsira da ransa da ƙyar, motar aka ƙone ta ƙurmus. Alhaji ya janye sauran motocinsa daga layin, ya koma zaman gida. Zaure ya yi masa zafi, kuma inuwa ɗaya ce a gidan, ta mangwaron Rahina. Can ya dinga jan tabarmarsa.

Ranar da mangwaron ya nuna, Rahina ta yanka masa a faranti. Ya ci, ya ɗaga kai ya kalli rassan.

"Kira man yaron ga."

Kamaluddeen ya zo ya durƙusa. Alhaji bai iya ba da haƙuri ba, bai taɓa koya ba. Gyaran murya ya yi.

"Da ka amshi makullin nan, kai za su tare. Turo magabatanka."

An ɗaura aure. Ranar da za a kai ta, Rahina ta tsaya a gindin bishiyar tana tuna baya. Bayan Alhaji ya sauko, da Kamaluddeen ya zo mata da ban haƙuri a kan maganar waya, nan ta kawo shi, ta ɗora hannunsa a kan tabon da rago ya bari.

"Ya warke, ya yi 'ya'ya, amma ka ji wurin? Haka maganarka take a raina. Na yahe maka. Kada ka ƙara."

Iyaye, ba duk karatu ne ke biya a yammacin da aka gama shi ba, kada ku auna makomar yaro da cefanen yau. Ku kuma samari, idan shakka ta kama ku, kada ku sauke ta a kan wadda ta tsaya muku lokacin da kowa ya juya baya. Haƙurin Rahina ya biya ta, amma tabon yana nan a jikin bishiyar har yau.