Jikan Ladidi Bai Gudu Ba

A wani gari an yi wani yaro mai buga ƙwallon gem da mutanen nesa ta intanet. Sunansa a ciki Jikan Ladidi, kuma wasa talatin ba a ci shi ba.

Ran nan wani baƙo ya zura masa ƙwallo uku.

Abokin yaron da ke zaune kusa da shi ya ce, "Kashe, ka ce sabis ne ya ɗauke!"

Yaro ya dubi kakarsa Ladidi tana tsince shinkafa. Ya ce, "Sunanta ne a jiki. So kake a ce jikanta ya gudu?"

Ya buga, ya buga, har aka tashi.

Kaka ta ce, "Maigida, an lallasa ka ko?"

"An lallasa mu dai, Kaka, ni da ke."

Ta yi dariya ta ce, "To gobe sai mu rama."