Jif Ɗin da Ta Ƙi Tashi a Dajin Kwaranga

A gindin ɗorawar da ke bayan kasuwarmu muka ƙulla cinikin, ni da Nomau maharbi, wata Laraba cikin tsakiyar bazara. Shi yana son tsohuwar jif ɗina, ni kuma ina son fadamarsa ta bakin kogi, wadda ke ba da albasa sau biyu a shekara. Ya ce gwiwa ta fara ba shi labari, kuma ya gaji da harbin nama a nesa ya ruɓe kafin a kawo shi gari a ka. Sharaɗi ɗaya ya kafa: motar ta kai shi Dajin Kwaranga, ta dawo da shi da ƙafarta. In ta yi haka, mota tasa, fadama tawa. Ƙanensa Barmo, wanda suka shekara ashirin suna shiga daji tare, shi ne shaida. Muka tafa.

Ni dillali ne tun ina saurayi. Na sayar da jakai, na sayar da kekuna, na kai injin niƙa har Kamaru, kuma ban taɓa zama aji ba amma ba a cika yi mini wayo ba. Wannan mota ce kaɗai ta ci ni da yaƙi. Shekara shida ina fama da ita. Lagiretonta shan ruwa kamar raƙumin da ya fito Sahara. Ƙofar baya sai da igiya. Giyar daji, wadda ke sa ƙafafu huɗu su ja tare, in ta shiga ba ta fita sai ta ga dama. In ta yi kwana biyu a hanya, sai ta yi biyar a wurin bakanike, har 'ya'yansa sun ɗauka ni kawunsu ne. Duk wannan na gaya wa Nomau da bakina, don na daɗe da gane cewa in ka nuna wa mai saye ƙananan aibobi da kanka, sai ya daina neman babban.

Babban kuwa shi ne wannan: in ta yi zafi aka kashe ta, ba ta tashi sai ta huce sarai. Mai ne ke ƙafewa a famfonta. Shi ya sa kullum nake ajiye ta a gangare, in sakar mata birki ta gangara ta kama. Mutanen gari sun ɗauka wani tsirfa ne nawa. Na ce a raina, in mun shiga daji zan nemi tudu in tsaya, shi ke nan.

Ranar Asabar muna sallame Asuba muka ɗau hanya. Nomau na gaba kusa da ni, ya sa bindigarsa ta toka tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗura mata albarushi da gutsattsarin ƙarfe tun a gida. Barmo na baya da tasa bindigar, da adda, da barandami, da jarkar ruwa ɗaya da gora. Ba su zo da karnuka ba, sun ce ɓauna suke nema, kare ɓata mata rai kawai yake yi. Muka bar kwalta, muka bar hanyar shanu, muka shiga inda babu hanya sai wadda taya ta yi. Rassan marke suna karce jikin mota, zabin daji suna watsewa a gabanmu. Sau biyu allurar zafi ta haura na tsaya, injin na aiki, na ɗura wa lagireto ruwa. Kafin hantsi jarkar ta ƙare, saura goran. Nomau yana shafa kujera yana murmushi, yana cewa tafiyar da yake yi kwana biyu ga shi ya yi ta kafin karin kumallo ya narke.

Mun sauka wata busasshiyar fadama mai yashi, shimfiɗe kamar faifai, babu tudu babu inuwa, sai Nomau ya ɗaga hannu. Ya dira, ya tsuguna. Sawun ɓauna ne, faɗinsa ya kai tafin hannuna, ya nutse a yashi, gefensa bai ko zube ba. Gaba kaɗan ga kashi. Ya cusa yatsa a ciki, ya ɗago ya dube ni.

“Da ɗuminsa. Alhaji, kashe ta.”

Na ce ya bari in ja ta zuwa wani tudu mai kanya da na hango can gaba, don kada rana ta ci fenti. Ya ɗebi yashi ya saki, iska ta kwashe shi ta nufi tudun. Ya ce naman na can bayan tudun, in na ƙara taku goma da wannan rugugi da warin mai, to mu juya gida kawai. Ya tsaya yana jirana. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa, in ce masa in na kashe ta ba za ta tashi ba. Sai albasar nan ta bakin kogi ta faɗo mini a rai. Na murɗa mabuɗi. Daji ya yi tsit, sai ƙas-ƙas ɗin ƙarfe mai zafi a ƙarƙashin bonet.

Muka bi sawun a ƙasa, Nomau gaba, Barmo a bayansa, ni a ƙarshe da gora a kafaɗa. Gamba ta bushe ta fi tsayina, ƙudan tsando na cizon wuya ba damar mari. Mun yi tafiyar da ba ta kai ta zuwa masallacin Juma'a daga gidana ba, sai tsuntsayen carki uku suka tashi daga cikin wani kurmi suna tsuwa. Nomau ya durƙusa, mu ma muka durƙusa. Can na gan shi a ƙarƙashin wata ƙirya: bajimin ɓauna, tsoho, shi kaɗai, irin wanda garke ya kora. Busasshen taɓo ya daskare a bayansa, ƙahonin sun haɗe a goshi kamar turmin da aka kife, kunne ɗaya a yage. Yana tuƙa a hankali, yana kaɗa wutsiya.

Nomau ya ja ciki kamar damo har ya rage taku ashirin tsakaninsa da bajimin. Bindiga ta tashi, hayaƙi ya rufe shi. Na ji bajimin ya yi gurnani, na ji itatuwa na karyewa, sannan shiru. Jini na nan a ganye, ja mai kumfa. Nomau ya ce ya samu huhu, mu ba shi lokaci. Ya ɓare goro ya ci rabi, ya sake ɗura bindiga, sannan muka bi jinin.

Abin da ban sani ba, su kuma sun sani amma zafin nama ya sha kansu, shi ne ɓauna mai rauni ba gudu take yi ba. Zagayowa take yi ta laɓe a gefen sawunta, ta jira mai binta. Idonmu na ƙasa, bajimin kuma yana hannun hagu cikin gamba. Ban ga fitowarsa ba. Ƙasa kawai na ji ta girgiza, sai na ga Nomau a sama, bindigarsa ta yi wani wuri, hularsa ta yi wani. Ya faɗo, bajimin ya sunkuya zai sake ɗaukarsa. Barmo ya matsa har bakin bindiga ya kusa taɓa wuyan dabbar, ya sakar mata wuta. Bajimin ya durƙushe a kan gwiwoyinsa, ya kife.

Ƙahon ya shiga cinyar Nomau ta dama ya tsaga ta har kusa da gwiwa. Jini na tsartuwa. Na kwance rawanina muka ɗaure sama da raunin, Barmo ya sa ƙotar barandami ya murɗa har jinin ya tsaya. Abin da Nomau ya fara faɗa shi ne Barmo ya je ya yanka naman kafin ya zama mushe. Barmo ya je ya yanka yana hawaye, ya dawo ya goya wansa, muka nufi mota.

Rana ta take tsaka lokacin da muka iso. Jikin motar ba ya taɓuwa. Muka kwantar da shi a kujerar baya, na shiga, na yi bisimilla, na murɗa. Ta yi kir-kir-kir, ta yi shiru. Na sake. Na sake. Barmo ya sa kafaɗa ya tura, ni ma na fito muka tura tare, tayoyi suka ƙara nutsewa a yashi. Daga nan zuwa asibitin da ya fi kusa tafiyar awa biyu ce da mota. A ƙasa kuwa, da mutum a goye, sai gobe.

Na buɗe bonet. Hannuna ya tafi kai tsaye wurin famfon mai, inda na daɗe da naɗa wani tsohon tsumma da nake jiƙawa da ruwa in abin ya tashi. Na ce Barmo ya miƙo goran. Bai miƙo ba. Ya tsaya yana kallon tsumman, wanda ya yi baƙi ya ƙame da daɗewa.

“Tsumman nan ba yau aka ɗaura shi ba, Alhaji.”

Na sayar da makahon jaki a matsayin mai gani, bakina bai yi rawa ba. Ran nan sai na kau da kai, na sake miƙa hannu ya ba ni goran. Barmo ya ce ruwan nan kaɗai ya rage, kuma yayansa ƙishi ke cinsa, leɓensa har ya tsage. Daga cikin mota muka ji muryar Nomau a ƙasa-ƙasa.

“Barmo, rabu da shi. Zuba mata.”

Muka zuba mata. Tsumman ya yi cuu, tururi ya tashi, cikin ɗan lokaci ya bushe. Na murɗa, ta yi tari sau ɗaya, ta mutu. Na ji batir ya fara sanyi, na san in na ci gaba zan kashe shi gaba ɗaya. Ba abin da ya rage sai jira.

Muka fito da Nomau muka kwantar a ƙarƙashin motar, don nan ne kawai inuwa. Barmo ya sari ganye yana kore masa ƙuda. Muka yi taimama muka yi Azahar, kowa shi kaɗai, don Barmo bai bi ni ba. Can wajen kurmi ungulaye suka fara taruwa suna zagaye, suna sauka ɗaya bayan ɗaya a kan naman da aka yanka da sunan Allah. Duk sanda muka sassauta rawanin jini ya ɓalle, sai mu mayar. Ina kallon ƙafar tana kumbura, tana komawa launin toka, yatsun suna sanyi a cikin wannan zafi. Nomau bai yi kuka ba, bai zage ni ba. Sau ɗaya ya tambayi Barmo ko ya ɗauko bindigarsa.

Sai da La'asar ta yi sanyi, inuwar motar ta miƙe, na sa hannu na ji ƙarfe ya huce. Murɗawa ɗaya ta tashi, lafiya lau, kamar ba ita ba. Na tuƙa ta ranar kamar yadda ban taɓa tuƙa ta ba, ita kuma ba ta ko yi atishawa ba har ƙofar asibiti. Ana kiran Magariba muka shiga. Likitan ya kwance rawanin ya duba, ya tambayi tun yaushe aka ɗaure. Da Barmo ya gaya masa, ya girgiza kai ya ce da mun iso da Azahar, ɗinki kawai zai yi. Washegari suka yanke ƙafar daga cinya.

Bayan wata biyu, da aka sallamo shi, na je gidansa da mabuɗin motar. Na same shi a zaure a kan tabarma, sandunansa jingine da bango. Na gaya masa komai, tun daga gangaren da nake ajiye ta. Na ce ya riƙe motar, ya riƙe fadamarsa, ni na janye. Ya saurare ni har na gama, sannan ya karɓi mabuɗin ya sa a aljihu.

“Ta kai ni, ta dawo da ni, Alhaji. Haka muka yi da kai a gaban shaida. Ban taɓa tayar da ciniki ina tsaye ba, ba zan fara ina zaune ba. Gobe Barmo zai nuna maka iyaka.”

Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na tura masa mai unguwa da liman. Ya ce ciniki ya faɗa. Barmo ya zo ya nuna mini iyaka da sanda, daga wannan giginya zuwa wancan dutse, kuma har yau bai sake gaishe ni ba.

To, in ana maganar riba, kuraye da ungulayen Kwaranga sun ci bajimi guda ba su harba ko tsinke ba. Nomau ya rasa ƙafa, ya rasa daji, ya samu mota tana nan a ƙofar gidansa tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kujerar direba. Ni ne na ci cinikin. Fadama tawa ce, shekara bakwai ke nan, albasa na fitowa manya-manya. Duk kaka nakan aika masa da buhu goma, duk kaka kuma a dawo mini da su a ɗaure yadda na aika.