Gungume na Goma Sha Biyu

Da ya ajiye tuƙin mota, Direba ya sayi injin sassaƙa ya kafa a rumfar bayan gida. Ya ce akushi zai riƙa yi. Itace kuwa a banza ya samu: tsohuwar bishiyar tsakar gida da iska ta kayar, ya yanka ta gungume goma sha biyu.

Hannun da ya saba da sitiyari bai san katako ba. Zai ɗaura gungume, injin na juya shi, shi kuma yana rarake cikin da ƙarfe. In ya kusa gamawa sai ya ce bari ya ƙara kaɗan. Sai ƙarfen ya ɓulla ta ƙasa. Akushi goma sha ɗaya, kowanne da huda a gindi.

"Baban Auta, mazurari za mu fara sayarwa?" in ji matarsa.

Ya jefa akushin da ke hannunsa kan tarin sauran.

Ranar da ya huda na sha ɗaya, da almuru, ya zare wayar injin daga bango ya zauna alwala. Gidan shiru, ko kaji sun kwanta. Sai ya ji injin yana juyawa, a hankali, ba kowa a rumfar. Can guntayen katako suka fara sauka a kan rufin kwano, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana ƙirga su.

Kwana uku haka, kullum a daidai wannan lokaci. A na huɗu aka nemi Auta, 'yarsu budurwa, aka same ta a rumfar ta rungume gungumen da ya rage. Uwa ta ja, uba ya ja, ko motsi. Idonta a buɗe, amma ba su take kallo ba.

Aka kira Malam. Ya zauna gabanta ya yi ta karatu har dusar katakon da ke ƙasa ta fara tashi ba iska. Sannan yarinyar ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Ya isa, Malam. Ina ji."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ruwana da ita. A bishiyar nan nake tun kafin a yi gidan. Iska ta kayar, ban ce komai ba. Ya yanka, na shiga gungume na zauna. Ya huda, na koma na gaba. Sau goma sha ɗaya ina kwashe kaya. Da aikin yana kyau ma, da sauƙi."

"Koyo nake," in ji Direba, fuska a murtuke.

"A gidana kake koyo?"

"Ki fita," Malam ya ce, "a bar miki gungumen."

"Rana ta tsaga shi, ba ya zaunuwa. Ya yi min akushi mai gindi da abin da bai tsage ba a jikinsa, a kai min bayan gari. In ya huda wannan, ga inda zan zauna." Yarinyar ta dafa ƙirjinta.

Malam ya dubi Direba. "Za ka iya?"

Matarsa ta riga shi amsawa. "In ka ji zuciyarka ta ce ƙara kaɗan, ka tuna 'yarka."

Washegari da hantsi ya ɗaura gungumen. Auta na zaune a gefe, idon nan nata a kan hannunsa. Yana rarakewa, yana tsayar da injin, yana auna gindin da yatsu. Gumi har cikin ido. Da ya rage kaurin yatsa uku, ya ga abin ya yi muni, nauyi kamar turmi. Hannunsa ya kai ƙarfen bakin katakon. Kaɗan kawai.

"Baba," yarinyar ta ce, da muryarta ta gaskiya, can ƙasa.

Ya ajiye ƙarfen. Ya kashe injin.

Tsohuwar muryar ta dawo. "Mummuna ne. Amma ba ya yoyo." Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta, ta nemi ruwa.

Shi da Malam suka kai akushin bayan gari suka ajiye gindin wani dutse. Direba ya daɗe tsaye yana kallonsa. Shi kaɗai ne akushin da ya taɓa gamawa lafiya, kuma ko ruwa bai sha a ciki ba.

Tun daga ranar, rufin bai sake yin ƙara ba. Direba ya sayo sabon itace a kasuwa. Na farko da ya ɗaura, ya huda shi.