Sojan Malamar Wasanni

Ranar da ta fara ganinsa, durƙushe yake a gefen filin makaranta yana kwarara amai. Ita ce malamar wasanni, ta zo da sassafe ta ja layukan gudu kafin ɗalibai su iso. Ta ajiye bokitin fenti, ta miƙa masa gorar ruwanta.

"Sannu, bawan Allah. Wa ya kore ka haka?"

Ya kuskure baki, ya ɗago. Dogo ne siriri, hannayensa duk tabon tartsatsin walda. Idanunsa sun yi ja, irin jan da ta daɗe da sani a gidansu.

"Soja nake so in shiga," in ji shi.

"Da wannan numfashin? Me kake sha?"

Ya sunkuyar da kai. "Maganin tari da ƙwaya. Amma na daina."

"Tun yaushe?"

"Jiya da yamma."

Dariya ta so ƙwace mata, sai kuma ta fasa. Haka Yayanta ya riƙa cewa, har ranar da aka binne shi.

"Ni ba likita ba ce, gudu kawai na iya koyarwa," ta ce. "Ka je asibiti ka faɗa musu gaskiya. In ka je, ka dawo nan."

Ba ta zaci za ta ƙara ganinsa ba. Sai ga shi da katin asibiti a hannu, yana nuna mata kamar yaron da ya ci jarrabawa.

Kowa Dogo yake kiransa, ita ma ta bi sahu. Shi kuma ya laƙaba mata Koci. Makonnin farko sun yi wuya. Jikinsa na rawa, ga zufa, ga faɗa ba dalili. Wata rana ya yi jifa da takalminsa ya ce ya gaji. Ta ɗauko ta ajiye masa, ta zauna nesa kaɗan, ta yi addu'a a fili don ya ji.

"Ya Ubangiji, ga ɗanka nan, ya gaji, ni ma ya gajiyar da ni. Ba mu roƙi ƙarfin shekara ba, na yau kaɗai muke roƙo. Cikin sunan Yesu."

"Amin," ya ce can ƙasa-ƙasa, ya jawo takalmin.

A hankali ya koma coci, yana zama a bencin ƙarshe. A hankali kuma saƙonninsa suka daina zama na gudu kaɗai.

"Kocina, yau na wuce ta bayan tasha, abokaina sun kira ni, ban juya ba. Ƙafata ta so tsayawa, sai na tuna yadda kike haɗe rai."

Ta karanta tana murmushi ita kaɗai a ofishin malamai, ta mayar masa: "Sojana, na ji daɗi. Amma kada ka daina don tsoron fuskata, fuskata ba ta zuwa ko'ina tare da kai. Ubangiji ne mai zuwa."

"To shi da ke," ya amsa. "Ku biyu kun fi ƙarfina."

Da maganar aure ta taso tsakaninsu, Babanta ne ya ƙi. Tsohon direban motar asibiti ne, dattijo a ikilisiya, kuma shi da kansa ya ɗauki ɗansa a mota zuwa asibiti ranar da ƙwaya ta gama da shi. Tun daga nan ba a ambaton sunan Yaya a gabansa.

"Na san idon nan," ya ce mata, bayan Dogo ya zo gaisuwa ya tafi. "Na ɗauki gawa guda. Ba zan zauna ina kallo ki ɗauki ta biyu ba."

"Baba, yana ƙoƙari."

"Yayanki ma ya yi ƙoƙari."

Mama kuwa sai ta riƙa yabon mai kaɗa jita na cocinsu, yaro mai tsabta da aikin banki, wanda ya daɗe yana kawo gaisuwa da ledar lemo.

Da aka buɗe ɗaukar sojoji, Dogo ya je. Gudu ya yi shi lafiya, amma likitan ya duba shi ya ce jikinsa bai gama murmurewa ba, ya dawo baɗi. Ta kira shi don ta ji yadda aka yi, bai ɗauka ba.

Tana tsakiyar darasi da azahar wayarta ta yi ƙara. Mai jita ne ya turo hoto: Dogo a bayan tasha, yana karɓar kwalba a hannun wani. A ƙasa ya rubuta: "Ba don in ɓata shi ba, don ki sani ne."

Ta sallami yaran, ta rubuta wa Dogo: "Na gani. Kada ka sake nemana." Ta kashe wayar, ta shige ɗakin ajiye ƙwallaye ta yi kuka har ta gode wa Allah. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Baba ya yi gaskiya.

Da yamma ta dawo gida, sai ta ci birki a bakin ƙofa. Dogo na zaune a ƙasa gaban kujerar Baba. Kwalbar na tsakaninsu a kan tebur, murfinta ko taɓa shi ba a yi ba.

Mama ta jawo ta kicin, ta raɗa mata: "Tun rana yake nan. Ya saya, ya kasa sha, ya kasa zubarwa, shi ne ya kawo wa babanki."

Malamar ta leƙa ta taga.

"Me ya sa ni?" Baba ke tambaya. "Ka san ba na son ka."

"Shi ya sa, Baba. Kowa zai tausaya mini ya ce ba komai. Ku ne kaɗai ba za ku yi mini ƙarya ba."

Baba ya daɗe yana kallon kwalbar. Da ya buɗe baki, muryarsa ta canja.

"Nawa ɗan bai taɓa kawo mini tasa ba. Tsorona yake ji. Ni kuma faɗa kaɗai na iya." Ya share fuska da tafin hannu. "Tashi ka zubar da ita da hannunka. Ba zan zubar maka ba."

Dogo ya fita ya juye ta a kwata. Da ya dawo, Baba ya ɗora masa hannu a ka.

"Ya Yesu, kai da ba ka gudun mai ciwo, ka riƙe yaron nan. Ranar da sha'awar ta taso masa, ka ba shi ƙafar gudu da bakin neman taimako. In nufinka ne ya sa kaki, ka sa ya zama mai tsare rai, ba mai cin zali ba."

Malamar ta fito daga kicin tana hawaye. Dogo ya kalle ta, ya ce, "Koci, na ga saƙonki."

"Ka yafe mini. Ban tambaye ka ba."

"Ai hoton bai yi ƙarya ba, na saya. Wanda ya ɗauka ne bai jira ya ga ƙarshen ba."

Baba ya yi gyaran murya. "Kada ku ɗauka na amince. Shekara guda zan gani tukuna. Kuma duk ranar asibitinka ni zan kai ka."

Haka aka yi. Tsohon ya riƙa kai shi a tsohuwar motarsa, suna tafe suna gardama a kan ƙwallo. Akwai ranakun da Dogo ya kira shi yana cewa, "Baba, yau abin ya taso," Baba ya ce, "Zo ka wanke mini mota." Mai jita kuwa ya zo ya ba ta haƙuri, ta haƙura, gaisuwar lemo dai ta tsaya.

Da shekara ta zagayo, saƙon ya same ta a fili: "Kocina, sun ɗauke ni! Likitan ya ce zuciyata kamar ta doki. Ban faɗa masa ba cewa ba tawa ba ce, tana wurinki."

Watannin horo sun yi mata tsawo. In ya samu waya sai ya rubuto: "An aske mini kai kamar ƙwai. Ki ci gaba da addu'a, a nan ma akwai masu sha." Ita kuma ta amsa: "Ina yi kullum. Ka nemi faston barikinku, kada ka ɗauki kayan kai kaɗai."

An ɗaura auren a cocinsu lokacin hutunsa na farko. Ya tsaya a gaba cikin kakinsa, kafaɗa ta cika, mahaifiyarsa na ta share ido da gefen mayafi. Da fasto ya tambayi wa ya ba da amarya, Baba ya miƙe, ya kama hannunta ya sa a na Dogo, ya riƙe su duka biyun bai saki ba.

"Ba lafiyayye na ba ki ba, 'yata, mai warkewa na ba ki. Ki kula da shi. Kai kuma, ɗana, duk inda aka tura ka, ka dawo mata. Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku, ya cika gidanku da salama."

Ikilisiya ta amsa da amin har rufi ya ɗauka.

Dogo ya sunkuyo ya raɗa mata, "Kin ji? Ɗana ya ce."

"Na ji," ta ce, tana matse hannunsa. "Yi shiru, soja, fasto na kallon ka."