Kwalba ta Bakwai

Ranar Litinin da safe aka kira ofishin 'yan sanda na Akpakpa cewa an fasa siton Madam Senami, matar da take shigo da giyar inabi daga Faransa. Sufeto Kpadonou ya hau zemijan, wato acaɓa, ya tafi shi kaɗai, don motar ofis ta yi wata biyu tana jiran taya. Bai damu ba. Tun da matarsa ta kwashe yara ta koma Abomey ya saba yin komai shi kaɗai, har da hira.

Katan-katan ne jibge a siton har rufi, ba a taɓa ko ɗaya ba. Aljihun tebur kawai aka ɓalle.

"Me aka ɗauka?"

"Takarda ɗaya, Shef," in ji Madam Senami.

Ta yi masa bayani. Duk shekara idan sabuwar kwantena ta iso, takan gayyaci mutum biyar masu sayo wa otal-otal da kantuna giya. Takan naɗe kwalabe goma sha biyu da baƙin ƙyalle ta sa musu lamba, don kada wani ya saya saboda suna. Su shinshina, su kurɓa, su tofar a bokiti, kowa ya zaɓi abin da zai ɗauka. Takardar ce ke faɗin wace lamba ce wace giya, kuma jibi Laraba za a zauna.

Kpadonou ya so rufe littafinsa, sai ta ƙara da cewa ɓarawon ya ture maigadi a matakala jiya da la'asar ana tsaka da ruwa, ƙafarsa ta karye wuri biyu.

A asibiti maigadin, Tossou, ya ce bai ga fuska ba, mutumin yana cikin rigar ruwa mai hula.

"Dogo ne ko gajere?"

"Shef, ina ƙasa, kowa dogo ne. Amma warin man zafi yake yi, kamar ya yi wanka da shi."

Da Madam Senami ta ji haka ta ce to ba cikin mutanenta ba ne. Mai wannan sana'a ba ya shafa turare, ba ya shan taba, ko barkono yakan ƙaurace masa idan zama ya matso. Hancinsa ne jarinsa, wa zai cusa masa man zafi?

Duk da haka Kpadonou ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Rodrigue, mai sayo wa wani babban kanti, ya rantse yana coci ranar Lahadi. Ƙarya ce, amma ba irin wadda Sufeto yake nema ba: yana wajen wani ɗan kasuwa ne, abokin gasar Madam, yana ɗanɗana tasa a ɓoye.

Na ƙarshe shi ne Papa Anatole, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana zaɓar wa wani otal na bakin teku giya. Duk abin da ya yaba, sauran ma shi suke saya. Kpadonou ya same shi a gidansa na Cadjehoun, kujera biyu a falo, ɗaya da ƙura. Matarsa ta rasu bara waccan, ɗansa yana Kanada.

Tsohon ya ce yana gida duk ranar Lahadi, ina zai je? Ya riƙe baƙonsa da hira irin ta wanda ya kwana biyu bai sami mai sauraro ba. Suna cikin haka ƙauri ya cika falon, shi kuwa ko gezau.

"Papa, akwai abu a wuta?"

Ya miƙe da sauri. Wake ne, ya ƙone ƙurmus. Ya dawo yana dariya, wai mura ce take damunsa.

Kpadonou ya fito. Tsohon ya shiga ransa, kuma ya san irin wannan tukunyar ta mutum ɗaya, shi ma ita yake ɗorawa. Ya tsaya bakin titi ya kira Madam ya tambaye ta wace lamba ce ta fi kowace kyau a takardar. Ta ce bakwai. Ya ce ko tana da kwalbar da ta lalace? Ta ce ba a rasawa a kowace kwantena, toshiyar bakin kwalba takan ɓata giya. Ya ce ta naɗe ta, ta sa mata lamba bakwai a madadin mai kyan.

Ranar Laraba ya zauna a kusurwa yana kallo. Aka zuba ta ɗaya, ta biyu, har ta shida, Papa Anatole yana juya kofi yana bayani tiryan-tiryan, sauran suna rubutawa.

Aka zuba ta bakwai. Rodrigue ya kai hanci ya janye da sauri. Matar da ke kusa da shi ta ajiye nata kofin. Kowa ya dubi tsohon.

Ya shinshina ya lumshe ido, ya kurɓa ya tofar. Ya ce wannan ita ce sarauniyar teburin, a ware wa otal ɗinsa katan arba'in.

Madam Senami ta sunkuyar da kai, don a hannunsa ta koyi sana'ar.

Kpadonou ya taso ya tsaya kusa da shi.

"Papa, ina takardar?"

Tsohon ya dubi fuskokinsu, ya gane. Ya zaro ta daga aljihun kwat, ƙaramin gwangwanin man zafi ya biyo ta ya faɗi ƙasa.

Bai yi musu ba. Wata takwas ke nan, in ji shi, tun wani zazzaɓi da ya yi, hancinsa ya mutu. Kullum yana cusa man yana jiran ranar da zai ji ko da yajinsa. Bai yi nufin ture Tossou ba, tsoro ne ya kama shi.

"Me ya hana ka faɗa, Papa?" in ji Madam.

"In faɗa wa wa, 'yata? In na bar wannan teburin, wa zai sake kirana?"

Kpadonou bai sa masa ankwa ba. Ya riƙe masa hannu suka nufi ƙofa, sai tsohon ya tsaya, ya ɗauki kofin ya miƙa masa.

"Ɗana, don Allah shinshina mini. Me kake ji?"

Sufeto bai san komai a kan giya ba. Ya kai hanci.

"Kamar kwalin da ruwa ya jiƙa ya kwana a ɗaki."

Papa Anatole ya gyaɗa kai a hankali.

"Toshiya ce ta ɓata ta. Da tun daga bakin ƙofa zan ji ta."