Agogon da Ya Sha Ruwa

Akwai wata yarinya 'yar aji shida da ke zaune da iyayenta a Lugbe. Babanta, Malam Badaruddeen, agogo yake sayarwa. Yana da ɗan shago a bakin titi, yana kuma da shafi a wata kasuwar intanet. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa yarinyar, shi ya sa "Mamana" yake kiranta.

Idon Baba ya fara rauni, ƙananan rubutu na ba shi wahala. Don haka duk ranar Asabar yarinyar ce ke ɗaukar hoton agoguna da wayarsa. Baba ya faɗi bayanin kowane agogo, ita kuma ta rubuta ta ɗora a shafin.

Wata rana tana wanke-wanke, sai ta ji Baba yana magana da Umma.

"Kasuwa ta yi sanyi," in ji shi. "Sati biyu ke nan babu wanda ya yi oda. In aka ci gaba a haka, sai dai in rufe shagon."

"Allah zai kawo mafita," in ji Umma.

Yarinyar ta ajiye kwanon da ke hannunta. Tana son shagon nan, tana kuma son Babanta. Ta ce a ranta lallai sai ta taimaka.

Da Asabar ta zo, Baba ya ba ta wayar ya tafi sallar azahar. Ta duba shafukan wasu masu sayar da agogo. Ta ga suna ta zuba wa kayansu kirari. Sai ta koma shafin Baba ta fara ƙari. A ƙarƙashin wani baƙin agogo ta rubuta, "Ruwa ba ya shigarsa." Wani mai maɗaurin roba ta ce na fata ne. Wani kuma ta ce batirinsa na shekara biyar.

Ba ta gaya wa kowa ba.

Cikin kwana huɗu aka sayi agogo uku. Baba ya dawo gida da tsire a takarda, yana ta fara'a.

"Mamana, hannunki akwai albarka!"

Ta yi murmushi, amma tsiren bai yi mata daɗi ba.

Bayan mako guda, tana zaune a shago bayan an taso daga makaranta, sai ga wani dogon mutum ya shigo yana share gumi. Ya ajiye baƙin agogo a kan tebur. Gilashin agogon ya yi hazo, hannayensa sun tsaya cik.

"Oga, sunana Abednego," in ji shi. "Daga Uke na taso. Kifi nake kiwo, kullum hannuna cikin ruwa. Da wannan agogo nake duba lokacin ba su abinci. Kwana biyu kawai ta yi, ta mutu."

Baba ya juya agogon. "Ai wannan ba ya son ruwa, maigida."

"To, me ya sa kun rubuta ruwa ba ta shiga?"

Mutumin ya nuna masa rubutun a wayarsa. Baba ya sa tabarau ya karanta a hankali. Ya ɗauko tasa wayar don ya tabbatar, sai ya tarar da saƙo daga masu kasuwar intanet. Mutum uku sun kai ƙara. An dakatar da shafinsa har sai ya gyara bayanan. In aka sake, za a rufe shi gaba ɗaya.

Baba ya zauna a kan benci.

Yarinyar ta tashi daga inda take zaune. Ta matso kusa da shi, hawaye na zuba.

"Baba, ni ce. Ni na ƙara rubutun. Na ji ka ce za ka rufe shago, shi ne na so mutane su saya."

Baba ya kalle ta. Sannan ya jawo ta ya zaunar da ita kusa da shi.

"Na san don ni kika yi, Mamana. Amma dubi bawan Allahn nan. Bai taɓa agogon da hannunsa ba kafin ya saya. Maganarmu kawai ya yarda da ita."

Ta juya wajen baƙon ta durƙusa. "Don Allah ka yi haƙuri, Baba Abednego."

Fuskar mutumin ta saki. "Tashi, 'yata. Ni ma ina da yarinya kamar ke a gida."

Baba ya ɗauko wani agogo na masu iyo. Ya ce ta kawo ruwa a kofi. Ya jefa agogon ciki, su uku suka zuba masa ido. Minti biyar suka wuce, agogon yana ta tafiya abinsa. Abednego ya yi dariya ya ɗaura shi a hannu.

Washegari suka fito da agoguna duka, guda arba'in da biyu. Ita ke karanta abin da aka rubuta a bayan kowanne. Ta auna faɗinsa da rula, ta shafa maɗaurin ta tambayi Baba ko fata ne ko roba. Wanda ke da ɗan ƙarzuwa a gilashi ma sai da ta ɗauki hoton wurin.

Sannan Baba ya sa ta kira sauran mutum biyun da kanta. Na farko ya kashe waya tun ba ta gama magana ba. Abin ya yi mata zafi. Ta biyun, Madam Prudence ta Masaka, ta saurare ta har ƙarshe, ta kuma yarda a canza mata.

Kwana shida suna jira. Kullum ta dawo daga makaranta, tambayarta ɗaya ce: "Baba, sun buɗe?"

A rana ta bakwai Baba ya tare ta a ƙofar shago da waya a hannu.

"Karanta mini wannan, Mamana."

An buɗe shafin. A ƙasa kuma Abednego ya rubuta, "Sun yi kuskure, sun amsa laifi, sun gyara. Sabon agogona na shiga ruwa lafiya." Abokan sana'arsa huɗu har sun yi oda.

Ta yi tsalle ta rungume Baba.

"Me kika koya?" ya tambaye ta.

"Na koyi in faɗi abu yadda yake. Ko don in taimaki wanda nake so, ba zan ƙara yin ƙarya ba."

"Madalla," in ji Baba. "To, ɗauko kwalaye mu naɗe wa mutanen Uke kayansu."